Katangar da Ta Ratsa Bakin Randa

A ƙauyenmu idan baƙo ya tambayi Ushangi ɗan Shakro, matasa sukan nuna masa gidan giyar inabin nan mai jan rufi da ke kan tudu, inda motocin masu yawon buɗe ido ke tsayawa. Tsofaffi kuwa sai su yi murmushi su ce, "Au, wanda randa ta riƙe?" Shi ne kuwa. Kwalaben gidansu sun tsallaka teku, gandunsu yana ciyar da gidaje da dama a kwarin Alazani, amma duk yankinmu na Kakheti, a ƙasar Jojiya, abin da aka fi tuna shi da shi shi ne yinin da ya yi rabinsa a cikin ƙasa rabinsa a waje, da tukunyar dafa wake kife a kansa.

Ana gab da tsinkar inabi abin ya faru, lokacin wankin randuna. Randunan giyarmu a binne suke har wuya, ba a ciro su, mutum ne yake zura tsani ya shiga ya goge cikinsu da ɓawon itace da ruwan farar ƙasa. Babbar randar gidan Shakro, wadda kakansu ya binne tun kafin gwamnati ta haɗe gonaki, takan haɗiye namiji a tsaye har ya miƙa hannu bai taɓo bakinta ba. Bakin nata ma da faɗinsa, da an bar shi yadda maginin tukwane ya yi shi. To ba a bar shi ba. Wata katangar bulo ce ta raba ɗakin randunan gida biyu, ta bi ta kan bakin babbar randar a bisa sandar ƙarfe, ta cinye kusan kashi ɗaya cikin ukunsa. Ƙanen Ushangi, Rezo, shi ya gina ta da hannunsa.

Dalilin katangar kowa ya san shi, ba a dai faɗa a gaban 'yan gidan. Tudun nan na gabas da gari asali gonar kakansu ce. Da aka haɗe ta cikin gandun gwamnati, mahaifinsu Shakro bai yi musu ba, ya zama lebura a cikinta, ya ci gaba da kula da itatuwan inabin kamar har yanzu nasa ne, ya san kowane gindi kamar yadda uwa ta san kukan 'ya'yanta. Ana nan sai umarni ya zo daga sama cewa shan giya ya yi yawa a ƙasa, a tumɓuke inabi. Rezo ne direban taraktar gandun. Aka ce ya hau, ya hau. Shakro ya tsaya a bakin gona, hularsa a hannu, yana kallon ɗansa yana fizgo saiwoyin da ya shekara talatin yana ba ruwa. Kafin sanyin wannan shekarar ya wuce aka kai shi maƙabarta. Likita ya ce zuciya ce. Ushangi ya ce tarakta ce.

Ranar cika arba'in aka shimfiɗa tebur daga zaure har gindin bishiyar tsakar gida, kuma da yake Ushangi ne babba, shi aka miƙa wa ƙahon shan giya ya ja ragamar tebur. Mu 'yan Jojiya ba ma shan giya haka kawai, kowane kofi da wanda ake ɗaga wa shi, kuma akwai tsari. Ushangi ya fara da mamacin, ya bi da magabata, sannan ya juyo kan masu rai, yana kiran sunan kowa yana sa masa albarka. Ya kira uwarsu. Ya kira gwaggonninsu da mazajensu. Ya kira maƙwabcinsu Ilo, ya kira waɗanda suka haƙa kabari, har matar da ta gasa burodin ranar bai manta ba. Rezo yana zaune a damansa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ushangi ya tsallake shi.

A wurinmu da a yi wa mutum haka gara a zage shi a kasuwa. Rezo ya miƙe, ya ajiye kofinsa cike yadda aka zuba masa, ya fita. Mako bai zagayo ba ya kawo bulo.

Rabon gadon ya zo a karkace, irin rabon da ake yi cikin fushi. Kwamin katakon da ake tattaka inabi a ciki ya faɗa ɓangaren Rezo tare da ƙananan randuna. Babbar randa kuwa, tun da ba ta ɗaukuwa, ta zauna inda take a ƙarƙashin katanga, mafi yawan bakinta a ɓangaren Ushangi. Sai ga mai randa ba shi da wurin matsa, mai wurin matsa ba shi da randar kirki. Shekara da shekaru Ushangi a tsohon bahon wanka yake tattaka inabin bayan gidansa, yana zamewa yana tsine wa wanda ya ƙera bahon.

Da wani abu kuma da yake yi duk shekara. Idan giya ta nuna aka buɗe randar, sai ya kwashi kashi biyu ya juye a tuluna, ya bar kashi ɗaya a ƙasanta, ya fuskanci katanga ya ɗaga murya kamar mai magana da iska: "Rabon wani yana nan." Ba a taɓa amsa masa ba. Giya kuwa ba ta zama a randar da ba ta cika ba. Haka rabon Rezo yake zaune har ya yi tsami, matan unguwa su zo da kwanuka su ɗiba su jiƙa kabeji da tafarnuwa. A zamanin nan ba gidan da ya sayi ruwan tsami a layinmu. Muna ci muna yabawa, muna kuma jin kunyar abin da muke ci.

Ushangi ya san shi ne da laifi. Ya sani tun kafin kofin Rezo ya taɓa tebur. Abu ɗaya yake so a duniya, ƙanensa ya dube shi ya kira shi Yaya kamar da, amma duk sanda ya shirya maganar da zai faɗa, sai ya kasa furta ta. Idan sun haɗu a hanyar coci, ɗaya ya dubi tsauni, ɗaya ya dubi takalminsa.

Haka aka tafi har tsohuwar gwamnati ta rushe, wuta ta ɗauke, masana'antu suka rufe, kowa ya koma ga abin da bayan gidansa zai ba shi. Abinci ya zama wake da burodi, safe da yamma. Wasu suka rame. Ushangi kuwa, cikin ikon Allah, waken ya karɓe shi. Duk shekara yakan shiga randar ta ragowar bakin a gicciye, yana shanye ciki, yana fitowa da ƙujewa a haƙarƙari. A wannan shekarar shigar ta yiwu, don nauyinsa ya taimaka. Ya yi wankinsa tsaf, ya hau tsani, ya fito da kai da kafaɗu da ƙirji, sai tumbi ya ce shi nan ya tsaya. Ya yunƙura, tsanin ya zame ya faɗi can ƙasa. Ya koma baya, haƙarƙari ya hana.

Matarsa Lamara ta leƙo daga ƙofa. "Ushangi, ka fito mana, abinci na hucewa."

"Ba zan fito ba."

"Fushi kake yi da ni?"

"Ba ni ba ne, Lamara. Randar ce ta ƙi."

Kafin a ce haka unguwa ta cika ɗakin. Ilo ne ya zama sarkin shawara. Ya sa aka kawo man girki, ɗan abin da Lamara take tattali tun bikin Ista, aka tsiyaye shi a ƙugun mijinta tana kallo tana salati irin namu. Maza biyu suka kama hannuwa suka ja.

"Shanye tumbin, Ushangi! Shanye shi!"

"Na shanye, Ilo! Ina kake so in kai shi, aljihu?"

"To a bar shi nan kwana biyu ba ci ba sha, zai sulluɓe da kansa kamar tarwaɗa."

"Kai dai, Ilo, Allah ya sa ka auri mai dafa wake," in ji wata tsohuwa daga baya.

Aka yi ta dariya har aka lura Ushangi ya daina mayar da magana. Nauyinsa duka yana rataye a haƙarƙarinsa, ƙafafu na lilo a cikin randa, fuskarsa ta fara komawa kalar inabin da ya nuna. Numfashi yake ja guntu-guntu. Ilo ya ruga gida ya dawo da kurfi da ƙaramar guduma.

"Leɓen randar kawai zan ɓantare, ɗan kaɗan."

Duk wanda ke wurin ya san randar da wuyanta ya tsage ba ta ƙara riƙe giya. Ushangi ya tattaro sauran iskar da ke ƙirjinsa. "Wanda ya taɓa ta ban yafe ba. Kakana ne ya binne ta."

"Kakan naka zai ba ni wani mijin ne?" Lamara ta faɗa, hawaye na zuba. "Ilo, fasa ta!"

"Ilo, in ka fasa, fasa kaina tukuna."

Ilo ya tsaya da kurfi a hannu, yana duban miji yana duban mata. Ba wanda ya ambaci katanga. Tana nan a gabanmu, hancin kowa yana kusan taɓa ta, amma mun saba da ita har mun ɗauke ta kamar tsauni, abin da aka tarar kuma za a bari.

Sai aka ji gum! Ƙura ta zubo daga sama. Aka sake jin gum! Daga can ɗaya ɓangaren muryar Tsiala matar Rezo ta taso: "Lamara! Rufe masa kai, mutumin nan ya ɗauko babbar guduma!" Lamara ta waiga, abin da hannunta ya fara kaiwa shi ne tukunyar ƙarfen da take dafa wake, ta kife masa ita. Bulo ya yi ta faɗowa yana buga tukunyar, tana ƙara kamar ƙararrawar coci. Da ƙurar ta lafa sai ga Rezo tsaye a cikin ɓaraka, fari fat tun daga gashi har takalmi. Ya ɗaga sandar ƙarfen ya jefar, ya sa hannu a hammatar wansa ya zaro shi, ya kwantar da shi a ƙasa a hankali. Ya tsaya har ya ga ƙirjin yana hawa yana sauka. Sannan ya dubi Lamara.

"Lamara, gaya wa mijinki ya rage wake."

Ushangi yana kwance, mai da ƙura sun yi masa riga. Ga ƙanensa a tsaye a kansa, kusa yadda bai taɓa zuwa ba tun ranar arba'in. Ya buɗe baki, duk muka kasa kunne.

"Lamara," ya ce, "ki ce da shi ya bar tarkacen, ni zan kwashe."

Ba a sake gina katangar ba. Rezo ya gaya wa Tsiala, da ƙarfi yadda za a ji a ɗaya ɓangaren, cewa siminti ya yi wuya a gari, in ya samu zai mayar da ita. Tsinkar inabi kuwa ba ta jiran siminti. Da Ushangi ya jawo bahon wankansa, Rezo ya dube shi ya dubi rufin ɗaki.

"Tsiala, ki tambayi mutanen can ko ba sa jin kunya. Ga kwamin ubansu a zaune."

"Lamara, ki ce da su inabinsu ma ya fi ƙarfin 'yan tulunan nan. Randa ba ta cika da nawa ni kaɗai."

A wannan kakar inabin gida biyu ya shiga randa ɗaya, ta cika har wuya karon farko tun rasuwar Shakro. Aka rufe ta da faifan dutse aka shafe da yumɓu. Da aka buɗe bayan sanyi, Ilo ya kurɓa, ya cire hula. Matan unguwa kuma suka koma sayen ruwan tsami.

Daga nan gandun ya faro, in za a kira abin da suka fara da shi gandu. Jarkoki ne a bakin titin Telavi, Lamara da Tsiala na zaune a kan akwati suna saƙa suna jiran mota ta tsaya. Wani mai gidan abinci daga Tbilisi ya tsaya neman ruwan da zai zuba wa injin motarsa, ya ɗanɗana, ya dawo bayan mako da motar ɗaukar kaya. Suka tono randunan da aka yi watsi da su a kangayen gidajen waɗanda suka yi ƙaura, suka gasa su, suka shafe cikinsu da kakin zuma, suka binne a jere. Shekarar da ƙanƙara ta sauko ana saura kaɗan a tsinka, ta bar itatuwa tsirara, tare suka bi layi-layi suna tsintar abin da ya tsira, ba mai ce wa ɗan'uwansa sannu. Shekarar da aka rufe iyakar arewa manyan kamfanoni suka rasa inda za su kai giyarsu, su ba su da abin da za su rasa a can, suka ci gaba da abinsu. Eteri 'yar Rezo ta dawo daga karatu ta ce a daina jarka a koma kwalba, ta sa sunan kakanta Shakro a jikin takardar. Wasu Turawa suka zo suka durƙusa a bakin randa suna shinshinawa kamar masu neman abin da ya ɓace musu, suka tafi da akwatuna, suka aiko a ƙaro.

Duk wannan, 'yan'uwan nan biyu ba su yi wa juna magana ba. Aikinsu ya dace kamar hannu da safarsa. Ushangi ya san giya, yakan kanga kunne a bakin randa ya gane ko ta gama tafasa. Rezo ya san ƙasa da itace da inji. Amma kowace magana sai ta bi ta bakin mace. In matan ba sa kusa, kare ake gaya wa. An taɓa jin Ushangi yana cewa, "Kai Mura, je ka gaya wa ubangidanka taya ta sace." Ma'aikatan da aka ɗauka daga baya sun zaci al'adar masu giya ce, har wani ya fara yi wa matarsa haka a gida.

Da aka sa tudun gabas a kasuwa suka saye shi. Ciyawa da ƙaya sun cinye shi tun ranar tarakta. Eteri ta ce a kawo inji a dasa a gama cikin mako. Rezo ya ce a'a. Ya yanko rassa daga tsohuwar itaciyar inabin da ke yi wa tsakar gidansu rumfa, wadda Shakro ya dasa da hannunsa, ya raine su, ya hau tudun shi kaɗai da 'yar fartanya. A kan gwiwoyinsa ya dasa shi, rami bayan rami, bazara bayan bazara, mutumin da gashinsa ya riga ya yi fari. Bai yarda kowa ya taya shi ba. Ushangi yakan tsaya a bakin gona, daidai inda ubansu ya taɓa tsayawa, yana kallon bayan ƙanensa a sunkuye. Ya gane sarai abin da Rezo yake faɗa da gwiwoyin nan. Ya kuma gane saura nasa. Nasa kuwa ba a yin sa da fartanya, da baki aka yi ɓarnar, a gaban mutane. Tun ranar arba'in bai sake karɓar ƙaho ya ja tebur ba, ko a bikin 'ya'yansa, shi da ake ɗaukowa daga ƙauyuka uku don daɗin bakinsa. Yakan ce maƙogwaronsa ne ke ciwo.

Sai Lamara ta rasu. Ciwo ne na 'yan kwanaki, ana cikin tsinka. Bayan an share makoki aka dawo aiki, Ushangi yana tsaye a ɗakin randuna, Rezo na gefensa, ya juya ya ce, "Lamara, ki ce da shi..." Ya tsaya. Rezo ya sunkuyar da kai ya fita waje, ya daɗe yana gyaran abin da bai lalace ba a jikin tarakta.

Saura Tsiala ita kaɗai, kuma Tsiala ba ta da haƙurin Lamara. Ta ɗauki saƙo na shekara guda, ranar nan ta ajiye guga a tsakaninsu.

"Ku saurara, tsofaffin banza. Ni ba wayar tarho ba ce. Wadda take da haƙurin wannan wasan kun binne ta. Kullum tana cewa kafin ta mutu za ta ji kun gaisa, ga shi ta tafi ba ta ji ba. Ni ma so kuke ku kai ni haka?"

Ushangi ya dubi kare, karen ma ya tashi ya bar wurin.

Da sanyi ya shigo Rezo ya kwanta. Tari ne da farko, daga baya aka kai shi birni aka dawo da shi, likitoci suka ce a bar shi a gida ya huta, kowa ya san ma'anar wannan. Ushangi yakan zo kullum da hantsi ya zauna a kan benci a ƙofar ɗakin, hula a gwiwa, ya tambayi Tsiala yaya mai jiki, ya tafi. Wata rana bayan azahar ta fito da kwano a hannu, ta dube shi, ta kama hannun rigarsa kamar yaro ta tura shi ciki, ta jawo ƙofa. Ya ji ta sa sakata ta waje.

Rezo yana kwance kusa da murhu, ya zama rabin yadda yake. Ta taga ana hango tudun gabas, itatuwan a tsirara cikin dusar ƙanƙara. Ushangi ya zauna a bakin gado. Ya waiga neman wanda zai aika, babu mace, babu kare. Itace yana ƙara a murhu. Rezo ne ya fara, idonsa a kan rufi.

"Randa ta uku daga ƙofa tana tsatsa. Na ga danshi a gefenta tun kaka. A sake mata kaki."

Ushangi ya jira ya ji sunan wanda aka aika. Ba a aiki kowa ba.

"Ka ji ni, Yaya?"

"Na ji." Muryar ta fito kamar ta wani. Ya murza hularsa, ya sake murzawa. "Rezo."

"Na'am."

"Ranar nan na tsallake ka."

"Na sani. Ina wurin ai."

Ushangi ya yi wani sauti da ba dariya ba ne ba kuka ba. "Ba mantuwa na yi ba. Da gangan na yi. Kafin ka kai ƙofa na so in kira ka, sai na ga mutane suna kallona."

"Ni ma da na ƙi hawa taraktar, wani za su sa," in ji Rezo. "Na yi ta gaya wa kaina haka. Amma ba wani Baba ya gani a kai ba, ni ya gani." Ya yi tari mai tsawo, Ushangi ya tallafo kansa ya ba shi ruwa. Da ya lafa ya ce, "Kuma ka sani, duk shekarar da ka ce rabon wani yana nan, ina jingine da katangar ina ji. Ƙanshin yana shigo mini ta ƙasa. Ka san azabar da ka ba ni kuwa?"

"Me ya hana ka ɗiba?"

"Ka ce wani. Ni ba wani ba ne."

Da Tsiala ta zare sakata da la'asar, ta tarar suna musu a kan yankan rassa, Rezo yana cewa wansa bai taɓa iya riƙe almakashi ba tun suna yara, Ushangi yana cewa wanda bai san tafasar giya daga kukan cikinsa ba ina shi ina koya wa mutane aiki. Ta mayar da ƙofar a hankali, ta zauna a benci ta rufe fuska da gyale.

Sanyin nan duka suka yi shi suna magana. Ushangi ya kawo katifarsa ɗakin. Suka bi shekarun nan ɗaya bayan ɗaya, kowa yana faɗin abin da ya so ya faɗa a lokacin, har da faɗan da ba su samu sun yi ba. Rezo ya cika kafin itatuwan tudun su toho. Ya bar wasiyya a binne shi kusa da ubansu, a bar wuri a damansa.

Yanzu Eteri ce ke riƙe da gandun. Randunan sun yi yawa har an gina musu sabon ɗaki, amma tsohon yana nan, kuma in ka duba ƙasa za ka ga layin siminti ya ratsa daga bango zuwa bango, ya tsaya a bakin babbar randa ya ci gaba a ɗaya gefen. Masu kai baƙi zagaye sukan ce tsohon gini ne. Ushangi ba ya shiga randa kuma, gwiwa ta hana. Lokacin wanki sai a ajiye masa kujera a gefe, ya zauna da sandarsa yana gaya wa ma'aikata ba su goge da kyau ba. Ya rame sosai tun rasuwar Rezo, rigunansa suna lilo a jikinsa.

A kakar bara yana zaune haka, Tsiala ta shigo da burodi mai zafi daga tanderu da cuku a faranti. Ta gan shi ya miƙa wuya yana leƙen cikin babbar randar.

"Kai tsoho, ja da baya! Ba mu da sauran katangar da za a rusa maka, mai gudumar ma ba ya nan."

Ma'aikata suka ƙyalƙyale. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo daga cikin randar ya ce, "Baba Ushangi, wai da gaske ne da tukunya a kanka aka zaro ka?"

"Da murfinta ma, in ka biye wa mutanen garin nan," in ji Tsiala. "Mutum a ce ya rage wake ya ƙi, sai da ya jawo mana asarar bulo mota guda."

Ushangi ya karɓi burodin ya gutsura, bai ci ba. Ya dubi layin simintin da ke gaban takalminsa.

"Ku yi dariyarku," ya ce. "Ni kullum sai na sa wa waken Lamara albarka. Da a ce siriri ne ni a ranar nan, Tsiala, da maƙwabci na raka maƙabarta, ba ƙanena ba."